Mun tafa wa mutumin da ba a taɓa haifa ba

Tun farko ina neman afuwa, rubutun yana da tsawo. Wanda data ɗinsa ta kusa ƙarewa ya ajiye shi sai ya samu sarari.

Waɗanda suka zo kallon da ƙungiyarmu ta ɗaliban Arewa ta shirya daren Asabar za su tuna wurin da zan yi magana a kai. Fim ɗin Hidden Figures ne, na 2016, labarin wasu mata uku baƙaƙen fata masu aikin lissafi a NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, a zamanin da suke tsere da Tarayyar Sobiyet. An nuna Katherine tana sheƙa gudu da takalmi mai tsini, ga takardu rungume a ƙirji, daga gininsu zuwa wani gini can nesa, don a can ne kaɗai akwai banɗakin da aka yarda baƙar mace ta shiga. Ran nan ta dawo jiƙe sharkaf da ruwan sama, maigidanta a wurin aiki ya tsare ta gaban mutane wai ina take zuwa kullum. Ta amayar masa da duk abin da ke cikinta. Can sai ga shi da sandar ƙarfe, ya dinga dukan allon da ke saman ƙofar banɗakin har ya faɗo.

Ɗakin nan ya ɗauki tafi. Wani ɗan Zariya da ke bayana har da sa wa Baturen albarka. Ni ma na tafa, wallahi har da ɗan hawayena.

Ranar Lahadi na zauna neman labarin matan, don niyyata in tura wa ƙanwata fim ɗin. Tana aji huɗu a sakandare, ana ta ja mata rai a gida kan ajin kimiyya, wai wahala ce ga mace. Abin da na tarar shi ya sa ni wannan rubutun. Baturen nan, Al Harrison, wanda Kevin Costner ya fito a matsayinsa, babu shi a tarihi. Masu rubuta fim ɗin ne suka harhaɗa shi daga shugabanni daban-daban. Babu wanda ya fasa allon banɗaki da sandar ƙarfe. Katherine Johnson ma ba ta yi wannan gudun ba. Banɗakin da ke kusa da ofishinta babu rubutu a ƙofarsa, shi take shiga, na Turawa ne. An ɗauki shekaru kafin wani ya ja mata kunne, ta yi kunnen uwar shegu da shi ta ci gaba da harkarta, maganar ta mutu a nan.

Wato macen da kanta ta rushe dokar, ba hayaniya. Fim ya karɓe wannan daga hannunta ya miƙa wa namiji Bature, mu kuma muka tafa masa.

Bari in koma baya kaɗan, don labarin gaskiyar ya fi na fim ɗin daɗi a wurina, kuma ya fi shi ciwo.

Fim ɗin ya nuna kamar komai ya faru tsakanin 1961 da 1962. Asalin abin tun Yaƙin Duniya na Biyu ne. A 1941 wani shugaban ma'aikata baƙar fata, A. Philip Randolph, ya yi barazanar tara dubban baƙaƙen fata su yi tattaki zuwa birnin Washington. Shugaba Roosevelt ya ga ba dama, ya sa hannu a dokar da ta hana nuna bambancin launin fata wajen ɗaukar aiki a masana'antun tsaro. A lokacin babu NASA tukuna, akwai wata hukuma mai binciken jiragen sama da ake kira NACA, tana da babbar cibiya mai suna Langley a garin Hampton, jihar Virginia. Yaƙi ya sa aikin lissafi ya yi musu yawa. Ku tuna babu kwamfutar da muka sani. Kalmar kwamfuta ma a wancan zamani sunan aiki ne, kamar a ce akawu ko malamin asibiti: mutum ne zaune da fensir da takarda da injin lissafi na hannu, injiniyoyi su kawo masa lambobi ya warware. Yawancinsu mata ne, don albashinsu bai kai na maza ba. A 1943 aka fara ɗaukar mata baƙaƙen fata, aka ware musu sashensu a yammacin cibiyar. Ofis daban, banɗaki daban, teburin cin abinci daban.

A kan teburin nan akwai ɗan kwali da aka rubuta cewa wurin kwamfutoci baƙaƙe ne. Wata mata cikinsu, Miriam Mann, sai ta ɗauke shi ta jefa a jakarta. A sake kawo wani, ta sake ɗaukewa. Mijinta yana gargaɗinta za ta rasa aikinta a kan kwali, ba ta fasa ba, har masu ajiyewa suka gaji suka daina. To ga wanda ya cire allo a tarihin Langley, mace ce baƙar fata da jakar hannu, shekaru da yawa kafin lokacin da fim ɗin ya nuna. Labarin yana cikin littafin da aka ɗauko fim ɗin daga gare shi, na Margot Lee Shetterly, wadda ita ma 'yar Hampton ce, mahaifinta a Langley ya yi aiki. Masu fim sun karanta shi. Sun zaɓi sandar ƙarfe.

Dorothy Vaughan, babbarsu, malamar lissafi ce a wata sakandaren baƙaƙe a garin Farmville kafin ta zo Langley a 1943. (Abin sha'awa, a makarantar nan ne a 1951 wata yarinya 'yar shekara 16, Barbara Johns, ta jagoranci ɗalibai suka ƙaurace wa aji saboda lalacewar gine-gine, kuma ƙararsu tana cikin waɗanda suka kai ga hukuncin Kotun Ƙoli na 1954 da ya haramta raba makarantu. Masu cewa ɗalibi ba ya iya komai, ga naku.) A fim an nuna Dorothy tana ta roƙon a ba ta muƙamin shugabar sashe ana hana ta, sai a ƙarshe ta samu, aka rufe da murna. A zahiri tun 1949 take riƙe da sashen, ita ce baƙar fata ta farko da ta yi shugabanci a hukumar. A 1958 da aka mayar da NACA ta zama NASA, aka rushe sashen baƙaƙen, aka haɗe su da kowa. Nan ta rasa kujerarta. Ta koyi harshen kwamfuta na Fortran ta ƙware, ta nemi wani shugabancin, ba a ƙara ba ta ba har ta yi ritaya a 1971.

Kun ga an juya labarin kansa ƙasa. Ta yi shugabanci lokacin da waɗanda ke ƙarƙashinta baƙaƙe ne 'yan uwanta. Da aka haɗa kowa da kowa, sai ba a ga ta cancanta ba. Wannan ne ya fi taɓa ni a duk abin da na karanta, kuma fim ɗin bai ko leƙa wajen ba, don ba ya kawo tafi.

Mary Jackson kuwa, ita ce ainihin wadda maganar banɗaki ta faɗa wa. An tura ta aiki ɓangaren Turawa, ta tambayi matan wurin ina banɗaki yake, suka yi mata dariya, wai su ina za su san inda nata yake. Tana tafe rai a ɓace ta haɗu da wani injiniya, Kazimierz Czarnecki, ya tambaye ta lafiya, ta sauke masa kwandon fushinta. Maimakon ya kai ƙararta sai ya ce ta dawo ta yi aiki da shi a ramin gwajin iska, inda ake hura iska mai gudun da ya fi na sauti a kan samfurin jirgi a ga yadda zai yi. Shi ya ƙarfafa mata gwiwa ta yi karatun injiniya. Darussan kuma da daddare ake yin su a makarantar Turawa, sai da ta nemi izini na musamman daga hukumar garin Hampton kafin ta zauna a ajin. A 1958 ta zama injiniya mace baƙar fata ta farko a NASA. Shekara wajen ashirin tana wannan aiki, ƙarin girma ya tsaya mata cak. A 1979 ta yarda aka rage mata matsayi don ta koma ofishin kula da ɗaukar mata aiki da ƙarin girmansu. A can ta ƙare, 1985.

Na kawo Czarnecki ne don kada wani ya ce ina cewa babu Baturen kirki a labarin. Akwai su, da sunayensu. Akwai Ted Skopinski, wanda suka rubuta rahoton 1960 tare da Katherine kan yadda za a harba kumbo ya bi ta saman wurin da ake so, wanda ya tsaya a kan cewa ita ta yi yawancin aikin. Wannan ne karon farko da sunan mace ya fito a kan rahoto a sashensu. A fim kuwa abokin aikin nata wani ƙirƙirarren mutum ne mai baƙin ciki, kullum yana goge sunanta. Mutanen kirkin gaskiya taimakonsu bai da ƙara: buɗe ƙofa, sa suna a takarda. Shi ya sa aka ƙera wani mai sandar ƙarfe.

Ita Katherine labarinta tun daga mahaifinta ya fara. An haife ta a 1918 a wani ƙaramin gari a West Virginia inda karatun ɗan baƙar fata ke tsayawa a aji takwas. Mahaifin ya riƙa kwashe iyalinsa zuwa wani gari mai nisan mil 120 duk lokacin karatu, shi kuma ya koma gida neman kuɗi. Duk wanda a cikinmu mahaifinsa ya sayar da amfanin gona ko sa don ya sa shi a motar kudu ya san wannan mutumin. Tana 'yar shekara 18 ta gama digiri a lissafi da Faransanci, a 1937. Ta koyar, ta yi aure, ta haifi 'ya'ya mata uku, sai a 1953 ta shiga Langley. Mijinta na farko ya rasu a 1956 ya bar ta da yaran. Ita ta yi lissafin hanyar kumbon Alan Shepard, Ba'amurken farko da ya je sama, a watan Mayun 1961, makonni uku bayan Yuri Gagarin na Sobiyet ya riga su.

Maganar John Glenn gaskiya ce. Kafin ya tashi a Fabrairun 1962, an riga an sa manyan kwamfutocin IBM sun yi lissafin zagayen, amma injinan na wancan lokaci sukan yi tuntuɓe, shi kuma ransa ne a ciki. Ya ce a sa yarinyar nan ta bi lambobin da hannu, idan ta ce daidai ne zai tafi. Yarinyar da yake nufi shekararta 43, da 'ya'ya 'yan mata. A fim ta gama cikin ɗan lokaci Glenn yana tsaye bakin roka yana jira, sannan ta ruga da takardar, aka rufe mata ƙofa, Harrison ya fito ya shigar da ita ɗakin sarrafa tafiyar. A zahiri kwana ɗaya da rabi ta yi tana bugun injinta, tun kafin ranar tashi, kuma a ofishinsu ta kalli tashin a talabijin kamar kowa. Nan ma dai an sake ba Harrison ladan buɗe ƙofar da ba a buɗe ba.

Da na faɗa wa 'yar ɗakinmu duk wannan, ita 'yar Gombe ce mai karanta aikin jarida, sai ta ce, "Ke dai kin cika ƙorafi. Fim ne fa, ba littafin tarihi ba. In ba don shi ba, da ke kin taɓa jin sunansu?"

Tana da gaskiyarta, ban taɓa ji ba. Duk da Shugaba Obama ya ba Katherine lambar yabo mafi girma ta farar hula a 2015, fim ɗin ne ya kai sunanta ɗakin kallonmu. An kashe masa dala miliyan 25, ya kawo sama da miliyan 200, ya ƙaryata masu cewa ba mai biyan kuɗi ya kalli mata baƙaƙe suna lissafi. A 2017 aka shigo da Katherine dandalin bikin Oscar a keken guragu tana da shekara 98, mutane suka miƙe mata. A 2020 NASA ta sa wa hedikwatarta da ke Washington sunan Mary Jackson. Katherine ta rasu a shekarar, tana da 101. Kuma na yarda dole mai fim ya matse shekara ashirin cikin awa biyu, dole ya haɗe mutum goma su zama ɗaya. Littafin ma mata huɗu ne a gaba, an bar Christine Darden, mai binciken ƙarar da jirgi ke yi idan ya wuce gudun sauti, don ita daga baya ta zo. Duk wannan ban damu ba.

Inda muka rabu da ita shi ne wa aka rage wa, wa aka ƙara wa. Da daraktan, Theodore Melfi, ya sha tambaya kan wurin allon, amsarsa ta tsaya kan cewa ana bukatar a ga Turawa suna yin abin da ya dace, kuma wa ya damu da wanda ya yi idan dai an yi. Ni na damu. Ƙanwata idan ta kalli fim ɗin yadda yake, darasin da za ta ɗauka shi ne: ki yi haƙuri, ki yi ƙoƙari, wata rana babba zai gane darajarki ya fasa miki allo. Labarin gaskiya kuma cewa yake Miriam ta sa kwali a jaka, Katherine ta shiga banɗakin da ta ga dama, ta dinga tambayar me ya hana ta shiga taron injiniyoyi, ko akwai dokar da ta hana, har suka gaji suka bar ta. A gidanmu babu Harrison da zai zo.

Akwai ma wani abin da fim ba zai iya ɗauka ba. Katherine da bakinta ta sha faɗa a hira cewa ta san akwai wariya amma ba ta ji ta a jikinta a wurin aiki, don kowa lissafinsa ya dame shi. Mary kuma ta ji ta har ƙashi. Mata biyu, cibiya ɗaya, zamani ɗaya. Mu nan ma haka muke: wata za ta ce shekararta uku a kudu ba wanda ya taɓa yi mata kallon banza, wata kuma tun ranar rajista ta fara gani. Ni a shekarar farko wani malami ya gan ni da hijabi a ɗakin gwaje-gwaje ya tambaye ni ko ɓatan hanya na yi, sashen Larabci yana can gaba. Ba mugu ba ne, daga baya ma ya taimake ni sosai. Hoton da ke kansa ne babu irina a ciki. Kuma hoton nan wani ne ya zana masa shi. Mu da muke kallon yadda finafinan kudu ke fito da ɗan Arewa, maigadi da 'yar rediyo da gurɓataccen Turanci, bai kamata a yi mana dogon bayani kan wannan ba.

Da na duba sauran finafinan mata masana kimiyya, sai na ga da ma layin gajere ne, kuma Marie Curie ta cinye rabinsa: an yi nata a Hollywood tun 1943, an sake wani mai suna Radioactive a 2019, ban da na Faransa. Ta cancanta, Nobel biyu ba wasa ba ne, 1903 da 1911. Akwai Agora na 2009 kan Hypatia ta Iskandariyya da aka kashe a shekara ta 415, inda aka ɗora mata gano cewa duniya ba a cikakkiyar da'ira take zagaya rana ba, abin da babu hujjarsa. Ita ƙara mata aka yi, kamar abin da ta yi na gaskiya bai isa ba. Akwai na Dian Fossey mai binciken gwaggon biri a Ruwanda, 1988, inda Afirka ta zama daji da mafarauta, Baturiya a tsakiya. Sai waɗanda aka tsallake. Oppenheimer na 2023 awa uku ne cur, an ambaci fasa ƙwayar zarra da Hahn da Strassmann suka yi a Jamus, amma Lise Meitner da ta yi bayanin abin da ya faru a gwajin ba ta samu wuri ba, kamar yadda ba ta samu a kyautar Nobel ta 1944 ba. Chien-Shiung Wu, 'yar Sin da ta yi aiki a shirin bam ɗin, ita ma babu ita. Alice Ball, baƙar fata da ta gano yadda za a sarrafa wani man itace a yi allurar kuturta da shi a Hawaii, ta rasu a 1916 tana da shekara 24, shugaban kwalejinta ya buga aikin ba sunanta. Abin da ta samu ɗan gajeren fim ne a 2020.

Yanzu ga abin da ya sa na tashi zaune da tsakar dare, kuma Kanawa ku matso. Don a bi sawun kumbon Glenn yana zagaya duniya, sai da NASA ta kafa jerin tashoshi a ƙasashe daban-daban, wasu ma a kan jiragen ruwa. Ɗaya a Zanzibar take. Ɗaya kuma a Kano. Aikinta karɓar bayanan kumbon da yin magana da wanda ke ciki ta rediyo. Ranar 20 ga Fabrairu 1962 ya tashi daga Florida, bai yi rabin awa ba yana saman Afirka ta Yamma. A agogonmu wajen la'asar ne, tsakiyar watan azumi, zamanin Sarki Sanusi na ɗaya. Glenn ya leƙo ya ce yana ganin ƙura ta turnuƙe ƙasa, tashar Kano ta amsa masa cewa ai mako guda ke nan ana iska mai ƙarfi. Hunturunmu ya gani, 'yan uwa. Zagaye uku ya yi cikin ƙasa da awa biyar ya faɗa teku lafiya, a kan hanyar da Katherine ta tabbatar da fensirinta. A 1963 Najeriya ta buga kan sarki mai hoton kumbon da tashar Kano. A shekarar ne kuma Shugaba Kennedy ya yi waya da Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa ta tauraron ɗan'adam, ta wani jirgin ruwan Amurka da ke tsaye a tashar Legas.

Na yi firamare da sakandare a Arewa, ba malamin da ya taɓa faɗa mini wannan. Kuma gini ba ya gina kansa: akwai waɗanda suka haƙa tushe, suka ja waya, suka tuƙa mota, suka yi gadi. Ba zan zargi Hollywood da rashin ba da labarinsu ba, ba nata ba ne.

Shi ya sa bayan na gama fushi da Melfi na dawo gida. Su aƙalla sun yi fim ɗin har muna da abin gyarawa. A Najeriya akwai 93 Days na 2016, wanda Steve Gukas ya ba da umarni, Bimbo Akintola ta fito a matsayin Dakta Ameyo Stella Adadevoh. Ita ce likitar da ta ƙi sallamar Patrick Sawyer da ya shigo Legas da cutar Ebola ranar 20 ga Yuli 2014, duk da matsin da aka yi mata. Ta kamu, ta rasu ranar 19 ga Agusta. Mutum 8 cutar ta kashe a ƙasar nan gaba ɗaya, ranar 20 ga Oktoba aka ayyana ta ƙare. Ku auna da motocin da ke tashi daga Legas zuwa Kano da Sakkwato da Maiduguri kullum. Akwai Farfesa Grace Alele-Williams, da ta yi digirin digirgir kan koyar da lissafi a Chicago a 1963, shekara ɗaya bayan tafiyar Glenn, ta zama mace ta farko shugabar jami'a a Najeriya, a Benin, 1985. Mu kuma muna da Farfesa Rabi'a Salihu Sa'id ta Jami'ar Bayero, wadda ta yi aure bayan sakandare, ta haihu, sai tana da shekara 29 ta shiga jami'a. Fanninta kimiyyar yanayin sama da sararin samaniya. A 2015 ta samu kyautar Gidauniyar Elsevier ta mata masana kimiyya na ƙasashe masu tasowa, BBC ta sa ta cikin mata 100 na shekarar. A Kanon da Glenn ya leƙo take nazarin saman.

Masu Kannywood, in akwai mai karantawa, ga labari kyauta, har da auren da kuke so a ciki. Roƙona ɗaya: idan kun tashi yi, kada ku ƙirƙiro wani Alhaji mai kuɗi ko wani Bature daga ƙungiyar agaji ya zo ya cece ta a minti na tamanin. In miji ya taimaka a nuna shi, in uwa ce ta riƙe yara a nuna ta, in ba wanda ya taimaka a bar ta ita kaɗai da fitilarta.

Na tura wa ƙanwata fim ɗin jiya, don duk da haka ina so ta ga mace tsaye kan tsani tana cika allo da lissafi maza sun yi shiru. Na ce mata idan ta zo wurin sandar ƙarfe ta dakata ta kira ni. Ta kira wajen ƙarfe goma, na ba ta labarin Miriam Mann da jakarta. Ta yi dariya ta ce, "Yaya, to ita ba a kore ta ba?" Na ce ba a kore ta ba, ta yi aiki a wurin sama da shekara ashirin.

Na yi magana da shugabanninmu, in Allah ya yarda Asabar mai zuwa 93 Days za mu sa, bayan sallar isha'i, wuri ɗaya. Wanda ya ari wayar majigi don Allah ya dawo da ita kafin Juma'a. Ɗan Zariyan nan kuma, ka zo, ba wanda zai tsokane ka, tare muka tafa.